Gargaɗi ga masu walda da kafintoci: ana sayar da kan diril na jabu

Jama'a, musamman masu walda, kafintoci da masu aikin alminiyam, a yi hattara. Akwai wani da ke tallar kan diril mai makulli (wato bakin injin huda da ke riƙe ƙarfen hudawa, wanda ake ɗaurewa da makulli) a Facebook da zaurukan WhatsApp, yana cewa ɗan kwatano ne na asali, har da sunan kamfanin Jacobs ko Röhm a jiki. Wallahi jabu ne. Sabo ne mai arha, aka buga masa suna, aka shafe shi da baƙin mai don ya yi kamar ya sha aiki a Turai. Ba shi da shago. Sai ka tura kuɗi duka, ya ba direba a tasha, kaya na isa hannunka ya rufe layi.

Me ya sa muke neman mai makulli tun farko? Saboda riƙo. Yatsun nan uku da ke damƙe bit, wato ƙarfen hudawar, in ka ɗaure su da makulli, sun fi na murɗa hannu ƙarfi, shi ya sa ake sa shi a diril na tebur da wajen huda ƙarfe mai kauri. To na wannan mutumin ba a gasa ƙarfen yatsun ba. Na riƙe ɗaya a shagon maƙwabcina: bit mai milimita 10 yana juyawa a ciki, ya goge gindinsa fes, ramin kuma ya fita ya fi girman da ake so. Haƙoran makullin sun riga sun lanƙwashe. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne yaran shago, domin bit da ke rawa karyewa yake yi, kuma fuskar yaro ce a kusa.

Kafin ka biya, a ba ka shi a hannu. Ka goga fayil a kan yatsun; na kirki fayil zamewa yake yi, na jabu kuwa sai ya ci. Ka sa miƙaƙƙen bit, ka ɗaure ta ramukan makulli ukun duka, ka kunna a hankali ka dubi tsinin. In yana lilo, mayar masa da kayansa.

Sannan ka san irin gindin injinka. Yawancin diril na hannu mai milimita 13 tiredi gare shi, wato murɗa kan ake yi ya shiga kamar noti, mai lamba 1/2-20, na tebur kuwa sau da yawa gindi ne marar tiredi mai lamba B16 ko JT6, ana buga kan ne ya zauna. Shi mai tallar cewa yake yi nasa yana shiga kowane inji, alhali babu irin wannan. Masu injin da ke juyawa baya kuma su tuna akwai sukuru a can ciki mai kwancewa ta hannun dama. Kada a lalata inji wajen cire tsohon kai saboda jabu.

Wanda ya riga ya tura kuɗi ya ajiye shaidar turawar da hirarsu, ya kai ƙorafi bankinsa da ofishin 'yan sanda, ya kuma sanar da shugaban ƙungiyarsu. Don Allah a tura wa 'yan'uwa masu sana'a.