Sitaj a tsohon gidan sarautar Gawi: abin da ɗalibin tarihi zai samu

Gawi ƙauyen ƙabilar Kotoko ne a Chadi, kamar kilomita 10 arewa maso gabas da Injamena, kuma tsohon gidan sarkinsa, ginin ƙasa, shi aka mayar gidan tarihi na Kotoko da Sao, mutanen da na yankin tafkin Chadi waɗanda Kotoko ke ɗauka kakanninsu. Ga ɗalibin da yake neman wurin yin sitaj, wato zaman koyon aiki, a fannin ba da labarin tarihi ga baƙi, wurin ya cancanta, amma sai wanda ya zo da shirinsa. Gida ne ƙarami, mai zagayawa kawai zai gama shi cikin awa ɗaya.

A fara da takarda daga shugaban sashe na jami'a, mai ɗauke da tsawon sitaj da abin da za a yi, a kai wa mai kula da gidan. Bayan nan a nemi ɗan gari ya yi rakiya a gaida dattawa. Wanda ya tsallake gaisuwar nan zai ga tukwane, amma ba zai ji labari ba. Kada a sa ran albashi, kuma kuɗin kilando, wato babur ɗin haya, na zuwa da dawowa a kan ɗalibi yake.

Darajar wurin ita ce kayan da ke ciki suna da masu su a waje. Matan Gawi har yau suna ginin randuna da tuluna, su ne kuma ke zanen bangon gidaje, don haka ɗalibi na iya duba tsohuwar randa da safe, da yamma ya zauna wajen mai ginin irinta. Nan ne kuma ake yawan kuskure. Labarin baka ya ce Sao ƙatta ne masu ƙarfin da ya wuce na mutane, baƙi kuwa suna son jin haka, sai sabon jagora ya riƙa faɗarsa kamar abin da aka tabbatar. Gyaran shi ne a raba magana uku a gaban baƙo: abin da kakanni suka ce, abin da aka tono, da abin da aka rubuta. Na tono su ne manyan tukwanen binne gawa da mutum-mutumin yumɓu da kayan tagulla, irin waɗanda masu bincike Faransawa Marcel Griaule da Jean-Paul Lebeuf suka fara haƙowa a yankin tafkin Chadi a shekarun 1930. Na rubuce kuwa akwai labarin yaƙe-yaƙen Mai Idris Alooma na Borno da Sao a ƙarni na 16, wanda limaminsa Ahmad ibn Furtu ya rubuta. Zagaye na minti 30 zuwa 40 ya isa ɗaukar duka ukun in an zaɓi kaya biyar ko shida aka tsaya a kansu.

Wajen naɗar hira da dattawa, a rufe layin waya don kira kada ya katse, a fara da neman izinin mai magana a cikin naɗin kansa, sannan kwanan wata da wuri da harshen da aka yi. Minti 45 ya wadatar wa tsoho. Awa ɗaya ta magana tana cin awa biyar ko fiye wajen rubutawa, ta fi haka ma in da tafinta. Hausa da Kotoko dangi ne a asali, amma Bahaushe ba zai gane komai ba, Larabcin Chadi ne zai fisshe shi, Faransanci kuma na rahoto.

Tukunya ana ɗaga ta da hannu biyu daga gindi, ba daga baki ba, domin bakin ne ke fara ɓallewa. A ɗauki hoto da rula a gefe, a rubuta lamba a takarda, kada alƙalamin maka ya taɓa jikin kaya. Rula, littafi, fensir da batirin caji duk ɗalibi ya zo da nasa.

Lokaci shi ne babban cikas. Hutun jami'a yakan faɗo cikin damina, Yuli zuwa Satumba, hanya ta yi taɓo, baƙi su ragu, ko da yake a lokacin ne ake ganin yadda ruwa ke cin yaɓe da inda gara ke shiga azara. Mai son ya goge a jagorancin baƙi ya nemi Nuwamba zuwa Fabrairu. Maris zuwa Mayu zafi yana haura digiri 40, zagaye sai kafin ƙarfe 10 na safe.