Rigar nutso: wacce za ka saya kafin ka shiga dajin ciyawar teku?

Yaron da ya tashi a bakin Matan Fada ko a gaɓar Neja ta Yauri ba a koya masa nutso. Sai dai ruwanmu mai ɗumi ne, ita kuwa doguwar ciyawar tekun nan da ake kira kelf ba ta tsiro sai a ruwan sanyi, shi ya sa ba za ka same ta a gaɓar Legas ba. A nahiyarmu, wurin da aka fi zuwa ganinta shi ne gaɓar Kef Tawun a Afirka ta Kudu, inda ruwan ɓangaren Atlantika kan sauko har digiri 12 ko ƙasa da haka. Can za ka tarar da kifi mai hannu takwas da ƙananan kifayen shak masu zane suna yawo tsakanin kara.

Saboda haka rigar roba ce abin da ya kamata ka fara tunani a kai. Mai kaurin milimita 3 ta fi araha, amma ta ruwan ɗumi ce. Ka shiga ruwan Kef da ita, ba za ka daɗe ba jiki zai fara ɓari. Mai milimita 5 takan wadatar a ɓangaren da ruwa ya fi ɗumi lokacin zafinsu. Ni dai mai milimita 7 haɗe da hula nake ba mutumin Kebbi shawarar ya saya, domin jikinmu bai saba da irin wannan sanyi ba. Illarta ita ce tana tura mutum sama, dole ka ƙara nauyin dalma a ƙugu. Kuma ka gwada ta a jikinka kafin ka biya: idan ta yi maka yawa, ruwan sanyi zai dinga shiga yana fita, kaurin ya tashi a banza.

Akwai rigar da ruwa ba ya ratsa ta sam, amma tana da tsada, kuma sai an yi mata horo na musamman.

Tukunyar iska da bututun numfashi, ka karɓi haya a can. Kuɗin ka kashe shi wajen horo na PADI ko SSI, wato ƙungiyoyin da ke koyar da nutso da ba da takardar shaida. Takardar farko ta kowannensu tana ba ka izinin nutso har mita 18. Gilashin ido kam ka sayi naka: ɗora shi a fuska ba tare da igiya ba, ka ja iska ta hanci, in ya manne to ya yi daidai da kai.