Canon EOS 2000D a hannun mai koyon ɗaukar hoton gari, faɗuwar rana da iyali

Canon ta fitar da EOS 2000D a shekarar 2018, kuma har yanzu tana cikin kyamarorin da mai koyo zai fara cin karo da su in ya shiga shagon kayan hoto, sabuwa ko ta hannu. A Amurka sunanta Rebel T7, a wasu ƙasashen Asiya 1500D, a Japan kuma Kiss X90. Duk abu ɗaya ne. Wadda ba ita ba ce 4000D, ƙanwarta mai megafiksel 18 da bakin ɗaura lensi na roba, don haka a karanta rubutun gaban kyamara da kyau kafin a biya kuɗi.

Hukuncinta a taƙaice: idonta mai kyau ne, amma an yi mata rowa a jiki. Sensar da ke cikinta, wato faifan da ke karɓar haske ya mayar da shi hoto, mai megafiksel 24.1 ce, tana ba da hoto mai ɗigo 6000 a tsawo da 4000 a faɗi, wanda za a wanke a takarda mai kusan santimita 50 da 34 ba tare da ya fashe ba. In abin ɗauka yana tsaye kuma akwai haske, kamar rufin gidaje, gona, dutse ko dattijo zaune a zaure, ba ta jin kunyar kyamarorin da suka ninka ta tsada. In abu yana gudu ko duhu ya shigo, a nan ake gane inda aka rage mata ƙarfi. Nauyinta giram 475 ne har da batir da memori, ana yini da ita a wuya ba a gaji ba.

Kafin komai a duba lensin da aka haɗo ta da shi, domin iri biyu ne kuma kamarsu ɗaya. Dukansu 18-55mm f/3.5-5.6 ne, amma ɗaya an rubuta masa IS II, ɗayan kuma III kawai. Mai IS yana da abin da ke rage rawar hannu a cikinsa, kuma za ka ga maɓallinsa a gefe. Jikin kyamarar ba shi da wannan, saboda haka in lensin ma babu, to babu ke nan. Bambancin yana fitowa ne da yamma. A 55mm, hannu kaɗai yana buƙatar gudun shata, wato labulen da ke buɗewa haske ya shiga, na aƙalla 1/100 na daƙiƙa kafin hoto ya tsaya. Da IS za a iya sauka zuwa 1/25 a kan abin da ba ya motsi. Wannan haske ninki huɗu ne kyauta, kuma ya cancanci ɗan ƙarin kuɗin.

Faɗuwar rana ita ce inda masu koyo suka fi yi mata ƙorafi, alhali laifin na yanayin otomatik ne. Kyamarar tana ganin jan sararin sama kamar kuskuren launi, sai ta wanke shi, ta kuma ƙara haske don ta fito da ƙasa, sama ta koma fara fat. Gyaran ba wuya. A juya dabaran sama zuwa Av, inda kai ke zaɓar ƙofar haske ita kuma ta zaɓi gudun shata, a sa ƙofar haske a f/8, ISO (ƙarfin jin haske na sensa) a 100. A cire daidaita launi daga AWB, wato otomatik, a mayar Daylight, in ana son ja ya ƙara nuna a sa Shade. Sannan a danne maɓallin Av+/- da ke baya a murza dabaran gaba zuwa -1, wato a rage haske mataki ɗaya, ya koma rabi. Da an ɗauka a danna DISP har jadawalin haske ya fito tare da hoton. Duk inda yake ƙyafta baƙi ya ƙone, babu abin da za a ceto a wurin. A rage wani kashi ɗaya cikin uku na mataki a sake. Ba ta da ma'aunin haske na ɗigo ɗaya, sai na yanki, wanda shi ma ya isa: a nufi saman da ke gefen rana, ba ranar kanta ba, a danna maɓallin tauraro ya kulle awon, sannan a tsara hoton. Kuma kada a ƙura wa rana ido ta tagar leƙe, musamman da dogon lensi, domin hasken kai tsaye yake zuwa ido ta madubi.

Lokaci ma yana da nasa sharaɗi. A Kano rana tana faɗuwa wajen ƙarfe shida da 'yan mintoci a Disamba, bakwai saura kaɗan a Yuli, kuma saboda kusancin yankin da tsakiyar duniya tana nutsewa ne a miƙe. Hasken da ke saura bayanta bai fi na minti ashirin da ɗoriya ba, ga kiran magariba ya shigo. Wanda zai hau Dutsen Dala don hoton gari ya kasance a sama rabin sa'a kafin nan, ya gama saitinsa tun rana tana da sauran tsayin mashi biyu. Da hunturu, hazo yana cinye ranar tun kafin ta taɓa ƙasa, ta zama farin faifai, gari ya koma toka-toka. Irin wannan hoto yana da kyaunsa, amma sai an ɗauke shi a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, a ƙara masa kaifin launi daga baya. Mafi kyawun sama tana zuwa ne da damina, bayan hadari ya sauke ruwa iska ta wanke.

Akwai iyakar da ya kamata a sani game da RAW ɗinta. In aka rage haske don a ceci sama, sannan aka zo kwamfuta a ɗago duhun ƙasa fiye da mataki biyu, tsaki-tsakin ja da kore yana bayyana a inuwa. Nikon D3500, sa'arta a kasuwa, ta fi ta haƙuri a nan. Mafita ita ce AEB a cikin menu: hoto uku a jere, ɗaya daidai, ɗaya ƙasa, ɗaya sama, har tazarar mataki biyu, a kan maɗori mai ƙafa uku, a haɗe su daga baya. Ko kuma a bar ƙasan ta zama baƙar inuwa gaba ɗaya, hasumiyar masallaci da kan giginya su fito a jikin jan sama. Sau da yawa wannan ya fi kyau ma.

A cikin gari da rana tana aiki lafiya. Lensin a 18mm yana daidai da kusan 29mm na babbar sensa, ya isa ya kwashi layin kasuwa ko ramukan marinar Ƙofar Mata da masu rini a bakinsu. Shuɗin baba yana fitowa da kyau a salon launi na Standard. Landscape yana ƙara wa shuɗi da kore ƙarfi, amma yana ɓata launin fata, don haka a bar shi ga daji da gona. Kaifin lensin yana tsakanin f/8 da f/11. Matse shi zuwa f/22 ba ya ƙara kaifi, laushi ma yake kawowa. Tagar leƙe tana nuna kashi 95 cikin ɗari ne na abin da za a ɗauka, shi ya sa wayar lantarki ko gefen kwano ke lallaɓowa bakin hoto ba ka gan su ba. Ƙarar madubinta kuma ba ta ɓuya, duk wanda ka nufa zai ji. A nemi izini tukuna, musamman ga mata da 'yan kasuwa, a kuma nisanci wuraren jami'an tsaro.

Da dare sai da maɗori. ISO ɗinta daga 100 zuwa 6400 ne, ana iya buɗe 12800, amma mai tsabta yana ƙarewa ne a 1600. 3200 za ta yi don turawa a waya. Don fitilun motoci su zama zare a kan titi: dabaran sama a M (saitin hannu), f/11, ISO 100, daƙiƙa 10 zuwa 15, a kashe IS, a sa jinkirin daƙiƙa biyu don kada yatsa ya girgiza ta.

Hoton iyali shi ne jarrabawarta ta gaske. Wuraren saita kaifi guda tara ne kacal, kuma na tsakiya ne kaɗai mai kama layi ta kowace fuska. Sauran takwas suna laluben banza a ɗaki mai ƙarancin haske. In aka bar ta ta zaɓa da kanta, abin da ya fi kusa take kamawa, hannun kujera ko kafaɗar wani, fuska ta tafi dishi-dishi. A zaɓi na tsakiya, a sa One Shot mai kulle kaifi sau ɗaya, a ɗora shi a kan ido, a danna maɓallin ɗauka rabi, a gyara tsari, a ƙarasa. Hoto uku take yi a daƙiƙa, saboda haka yaro mai gudu a tsakar gida yana buƙatar AI Servo, saitin da ke bin abu mai motsi, da shata 1/500 da haƙuri, kuma da yawa za su zube. Dawakin Hawan Daushe suna tafiyar ƙasaita za ta ɗauke su, amma sukuwa ta fi ƙarfinta. Ɗauka ta allon baya ma a hankali take saitawa, allon kuma ba ya juyawa, ba ya aiki da taɓawa.

Sai matsalar farar shadda ranar Sallah. In fararen kaya suka cika hoto, ma'auni yana ɗauka haske ya yi yawa sai ya rage, fuskoki su yi duhu, idanu su ɓace a ƙarƙashin hula. A ƙara +2/3, a kai mutanen inuwar zaure ko ta darbejiya, fuskarsu tana kallon fili. In dole sai a rana, a juya musu baya ga ranar a ɗaga ƙaramar filashar kai ta cike fuska, amma a tuna da filasha shata ba ta wuce 1/200, sai a matse ƙofar haske. A ƙarƙashin wasu ƙwayayen lantarki kuma za a ga hoto ɗaya ya yi haske na gaba ya yi duhu ko kore. Wutar lantarkinmu tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kyamarar kuma ba ta da maganin wannan. A tsaya a 1/50 ko 1/100.

Abin da ke canja ta gaba ɗaya shi ne lensi na biyu. EF 50mm f/1.8 STM, mai giram 160, yana shigar da haske kusan ninki goma na abin da lensin kwali, wato wanda ya zo da ita, ke shigarwa a 55mm, yana kuma narkar da bayan mutum. Amma abu biyu. A f/1.8, daga nisan mita biyu, kaurin wurin da ke da kaifi kusan santimita 11 ne kawai, don haka uwa da ɗa a cinyarta ɗaya zai fita dishi-dishi. A sa f/2.8 ga mutum ɗaya, f/5.6 ga layi biyu. Na biyu, yana da matsi a ɗaki: daga mita uku, faɗin da yake kwasa bai kai mita ɗaya da rabi ba, mutum biyu ko uku ke nan. Wanda yawancin hotonsa a falo ne, EF-S 24mm f/2.8 STM ya fi masa, domin daga wannan nisan yana kwasar kusan mita uku.

Babban aibinta ga mai zama inda ake hunturu shi ne ba ta kakkaɓe ƙura daga sensa da kanta. Kyamarori da yawa suna girgiza gilashin gaban sensa duk lokacin da aka kunna su, ita babu. Ƙurar ba ta nunawa a f/4, sai ranar da aka ɗauki sama a f/11 a ga ɗigo-ɗigo a wuri ɗaya a kowane hoto. Gwajin shi ne Av, f/22, a ɗauki farin bango ko sama, a zuƙo hoton. In akwai, a cika batir, a shiga menu a zaɓi Clean manually, madubi ya ɗaga, a kifa bakin kyamarar ƙasa a hura da robar hura iska sau biyar ko shida. Ban da hurawa da baki, ban da auduga, ban da bakin riga. Abin da ya ƙi fita a kai wa mai gyara. Rigakafin kuwa, kada a canja lensi a fili lokacin iska, a kashe ta kafin a cire, a sa gilashin kariya mai faɗin 58mm a gaban lensin kwali, 49mm a na 50mm. Da damina kuma a ajiye ta a mazubi mai murfi da 'yan ƙullin shanye laima, don kada lensi ya yi fumfuna.

Batirinta LP-E10 yana yin kusan hoto 500 ta tagar leƙe, yana raguwa sosai in ana ɗauka ta allo ko an bar Wi-Fi a kunne. Ba a cajinta ta waya kamar salula, sai an cire batir an sa a cajarsa, don haka inda wuta ba ta tsayawa batir na biyu wajibi ne. Memori yana shiga ta ƙofar batir a ƙasa, wani farantin maɗori yana toshe ta. RAW ɗaya kusan megabayit 30 ne, katin gigabayit 32 zai ɗauki kimanin dubu. Tura hoto zuwa waya ta manhajar Camera Connect yana aiki, ko da yake haɗawar farko tana cin lokaci. Bidiyo 1080 ne, babu ramin makirufo, ba don shi aka yi ta ba.

Mai niyyar sayen filasha ta waje ya leƙa mazauninta a saman kyamara. Canon ta fitar da wannan samfuri ba tare da babban ɗigon ƙarfe na tsakiya ba, kuma filasha masu araha na wasu kamfanoni da shi suke tashi. In ba ka ga ɗigon ba, a gwada filashar a kanta a shago kafin a biya.

In ta hannu ce, a yi gwajin f/22 a gaban mai shago, a haska lensi da tocila a duba zaren fumfuna, a zaɓi wuraren saiti tara ɗaya bayan ɗaya a ga kowanne ya kama, a kuma ɗauki hoto a 1/4000 a tabbatar babu baƙin layi a gefe, domin alamar shata ce mai mutuwa. In a kuɗi ɗaya aka sami 750D ta 2015 mai lafiya, ita za a ɗauka: megafiksel ɗinsu kusan ɗaya, lensi iri ɗaya suke ɗauka, amma tana da wuraren saiti 19, hoto biyar a daƙiƙa, allo mai juyawa da ake taɓawa, ramin makirufo, tana kuma kakkaɓe ƙurarta da kanta. In babu ita, 2000D da lensi mai IS da batir biyu da robar hura iska sun isa wanda hotonsa gari ne da gona da faɗuwar rana da iyali a zaune.