Wasiƙa daga Hamburg: maganar tsohuwar marsandi

Ƙanena, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kowa yana lafiya. Ka gaida Inna da su Yaya da yara.

Na ga hotunan motocin da ka tsinto a shafin sayar da motoci na mobile.de, na kuma ga lissafin da ka yi a ƙasansu, wai idan ka iso ka tara na wata huɗu ko biyar sai marsandi. Idonka bai yaudare ka ba, farashin haka yake. E-Class ƙirar W211, wadda aka ƙera tsakanin 2002 da 2009, da kujerun fata da komai, ana samunta a nan Jamus ƙasa da yuro 4,000, alhali a sabuwarta da yawansu sun haura yuro 40,000. BMW 5 da Audi A6 na wancan zamani su ma haka. Za ka ga Toyota Yaris sa'arsu, 'yar ƙarama da ba ta da wani kwarjini, farashinta na gogayya da nasu. Bajamushe ba wawa ba ne, akwai dalilin da ya sa ya bar babbar ya rungumi ƙaramar.

A gida mota ce mai tsada, hannun da ke gyara ta kuma araha. A nan an juya abin. Ƙarfen ba shi da wata daraja da zarar ya tsufa, amma duk mutumin da zai taɓa maka shi, da awa zai caje ka. Garejin kamfani yana karɓar sama da yuro 100 a kowace awa ta aiki, a manyan birane ma ya wuce haka nesa, ban da kuɗin kaya da harajin kashi 19 cikin ɗari da ake ɗorawa a kai. Gareji mai zaman kansa ya fi sauƙi, amma shi ma awarsa guda ta ninka abin da ma'aikaci mai ƙaramin albashi ke samu a awa sau da yawa, domin mafi ƙarancin albashi a 2025 yuro 12.82 ne. Kai kuma da albashin ɗan koyo za ka fara.

Ka tuna yadda ake yi a Kano. Mota ta yi tari, ka kai wa bakanike, ya kasa kunne, ya aiki yaro Ƙofar Ruwa ya samo na gwanjo, kafin la'asar an ɗaura. Idan wuta ce a kira rewaya, idan ƙarfe ya tsage a kira mai walda, in kuɗi bai cika ba ka ce sai ƙarshen wata, a ce Allah ya kai mu. Wallahi ina kewar wannan. Makanikanmu suna gyara abu, na nan canza shi suke yi. Zai jona kwamfuta, ta nuna masa ɓangaren da ke kuka, ya cire shi ɗungurungum ya sa sabo, ko da waya ɗaya ce ta tsinke a ciki. Sai ka nemi rana tukuna, wani lokaci a ba ka mako biyu gaba, kuma babu ciniki, babu bashi. Abin da zan yaba musu shi ne za a rubuta maka kiyasin kuɗi kafin a fara, a ba ka rasit na kowane ƙusa, idan aikin ya ɓaci kana da haƙƙin komawa. Kayan gyara ma abin da aka rubuta a kwali shi ne a ciki, ba kamar wanda ake cewa "orijinal ne Alhaji" ya mutu a mako uku ba. Amma ingancin nan kai ne za ka biya shi.

Kada ka ce za ka riƙa yi da kanka a ƙofar gida. Juyen baƙin mai a bakin titi haramun ne a dokarsu, wankin mota ma garuruwa da dama sun hana saboda ruwan ƙasa, kuma maƙwabta ba sa kawar da kai. Akwai gareji na haya inda za ka biya awa a ba ka na'urar ɗaga mota da kayan aiki, can 'yan Ghana da Turkawa da 'yan Poland ke cika ranar Asabar. Yana rage kuɗi ga wanda ya iya, kai kuwa na san ko fulogi ba ka taɓa canzawa ba.

To, ita babbar mota farashinta ne kawai ya faɗi, cikinta yana nan na mai kuɗi. Kamar a ba talaka kyautar dokin sarki ne, karɓa ba wuya, dawa da harawa ne aiki. W211 ɗin da aka yi kafin gyaran fuska na 2006 tana da birki mai aiki da lantarki da ake kira SBC, wanda ya sa kamfanin ya yi kiranyen motoci sama da miliyan ɗaya a 2005, daga baya ya daina sa shi a wannan ƙira. Famfon birkin yana da iyakar aiki, idan ya kai sai gargaɗi ya fito a gaban direba, canza shi kuma yakan haura yuro 1,000. Waɗanda ke da shakazoba ta iska, wato Airmatic, da S-Class ƙirar W220, idan jakar iskar ta fara yoyo za ka wayi gari ka ga mota ta durƙusa ta gefe guda. Injin fetur V6 na M272 na shekarun farko an san shi da cinyewar wani haƙorin ƙarfe a can ciki, wanda sai an sauke inji ake kai masa hannu. BMW mai injin dizal N47 sarƙarsa a bayan inji take, ita ma aikin kwana da kwanaki ne. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan zai iya cinye rabin kuɗin motar ko duka. Wadda ta gabaci W211 kuwa, W210 mai zagayayyun fitilu, tsatsa ce ajalinta, domin a lokacin hunturu gishiri ake watsawa a titi don narkar da ƙanƙara, shi kuma yana cin ƙarfe ta ƙasa inda hoto ba ya nunawa.

Wannan ya kawo ni kan abin da babu irinsa a wurinmu. Duk bayan shekara biyu dole mota ta je gwajin lafiya, wanda kowa ke kira da sunan kamfanin gwaji na TÜV duk da cewa kamfanin DEKRA da wasu ma suna yi. Kuɗinsa wajen yuro 150. Za a ɗaga ta sama, injiniya ya shiga ƙarƙashi da tocila, ya ƙwanƙwasa inda yake zargin tsatsa, ya gwada birki a kan na'ura, ya auna hayaƙi, ya duba fitilu da tayoyi da ɗigar mai. Idan ta faɗi, wata ɗaya gare ka ka gyara ka dawo. Babu ɗan wane, babu na goro, kada ma ka kuskura ka gwada. A gida mota tana yawo da fitilar gargaɗi a kunne shekara da shekaru, a liƙa mata baƙin salatif don kada ta dami direba. A nan fitilar jakar iska ko ta birki kaɗai ta isa a hana ka tambari. Shi ya sa idan ka ga talla mai arha fiye da kima, fara duba watan da gwajinta zai ƙare. Sau da yawa mai ita ya riga ya ji ta bakin bakanike, ya ga gyaran ya fi ƙarfin motar, yana neman wanda zai sauke wa. Waɗanda ba su samu mai saye ba su ne 'yan fito ke saƙala wa ƙananan katuna a gilashi, a loda su a jirgin ruwa a nan Hamburg ko Antwerp, su sauka Kwatano ko Legas, a wanke a goge, mu saya muna cewa 'yar Beljiyam ce ba a taɓa hawa ba.

Sai inshora. Naira 15,000 da ake biya a gida tun 2023 don a samu takardar nuna wa jami'an hanya, ka manta da ita. A nan ba za a ba ka lamba ba sai ka kawo shaidar inshora, kuma kuɗin yana bin abubuwa uku: tarihinka, irin motar, da yankin da kake zaune. Sabon direba daga matakin ƙasa yake farawa, yawancin kamfanoni kuma ba sa lissafa shekarun da ka yi kana tuƙi a Najeriya. Ga ƙuruciya, ga babban inji, ga babban birni, cikin sauƙi abin ya haura yuro 1,000 a shekara, kuma wannan na biyan wanda ka buga ne kawai, taka motar ba ta ciki. Amfaninsa dai idan tsautsayi ya faɗa biya suke yi da gaske, ba a taruwa a bakin titi ana rantse-rantse.

Harajin shekara hukumar kwastan ce ke cire shi kai tsaye daga asusunka. Ga motocin da aka yi wa rajista kafin Yulin 2009, da girman inji ake lissafi: fetur yuro 6.75 a kan kowane cc 100, dizal yuro 15.44, ga waɗanda suka kai matakin hayaƙi na Euro 3. Ka ga E 320 CDI ɗin da ka fi zagaye wa da jan layi, mai cc 3,222, harajinta ya ɗan haura yuro 500. E 200 Kompressor mai fetur wajen 121 ne, Yaris mai inji 1.3 ba ta kai 90 ba. Tsohuwar dizal tana da wata matsalar kuma. Berlin da Bremen da Köln ba a shiga tsakiyarsu sai da koren tambari a gilashi, wanda dizal Euro 3 marar matatar hayaƙi ba ta samu. Stuttgart tun 2019, München tun 2023, sun hana har dizal Euro 4. Hamburg ba ta da wannan shinge, amma ba a sayen mota don gari ɗaya. Mai kuwa a 2025 lita ta yi ta yawo tsakanin yuro 1.60 da 1.90, ga tayoyin hunturu saiti guda daban, na babbar mota kuma sun fi tsada.

Kada ka ɗauka ban san abin da ke jan ka ba. Mun taso muna ganin marsandi a ƙofar gidan Alhazai, daga 200 zuwa V-boot, kuma duk wanda ya fita waje ana so a ga alama. Motar ma tana da daɗi, ba ƙarya. Ka hau babbar hanyarsu inda wasu wuraren babu iyakar gudu, ka ji ta kwanta shiru kamar ba ta motsi. Sai dai ka sani a nan E-Class ita ce motar tasi, masu launin hauren giwa da ke jere a bakin tashar jirgin ƙasa. Babu wanda zai waiwayo don ka wuce a cikin ta shekara ashirin. Masu kallon suna gida, su kuma hoto kawai za su gani, ba za su ga wasiƙar gareji ba. Idan kuma tunaninka ka hau ta shekara biyu ka turo ta gida, kwastan ɗin Najeriya suna da ƙa'idar shekarun motar da za a shigo da ita, ta 2005 ta riga ta wuce, ban da kuɗin jirgi da na fito.

Ra'ayina, shekarar farko kada ka sayi komai. Tikitin Deutschlandticket, na wata-wata, wanda aka fara a yuro 49 a Mayun 2023 ya koma 58 a 2025, zai kai ka ko'ina da bas da jirgin ƙasa na gari da na yanki a faɗin ƙasar. Jiragensu suna latti fiye da yadda ake ba mu labari, amma suna zuwa. Idan aiki ya kai ka ƙauye, ko kana dutin dare, to ka nemi Yaris ko Corolla ko Honda Jazz ko Golf mai ƙaramin injin fetur, ka yi shekara biyu ko uku inshorarka ta sauko.

In kuwa ka kafe sai marsandi, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma ka rage wa kanka. Ka nemi E 200 mai fetur ta bayan tsakiyar 2006, mai shakazoba ta ƙarfe, wadda aka yi wa gwaji kwanan nan, da littafin sabis cike da tambari da tsofaffin takardun gwaji, domin a nan ne za ka gane ko an mayar da kilomita baya. Ka kai ta ADAC, ƙungiyar masu motoci ta nan, ko wani wurin gwaji a duba maka kafin ka biya. Dila doka ta ɗora masa alhakin aibin da motar ta zo da shi na aƙalla shekara ɗaya, mai sayarwa na gida kuwa yakan rubuta cewa babu ruwansa. Ka karanta takardar ciniki da kyau. Na taɓa raka wani ɗan Nijar wani fili a bayan gari, dilan yana ta murmushi, ashe ya rubuta cewa motar ta fitarwa waje ce don ya zame daga wannan alhaki, muka ajiye masa biro muka fito. Sannan kada ka saya sai kana da rarar yuro 2,000 a ajiye da ba na haya ba ne, ba kuma na Inna ba.

Kafin duk wannan ma akwai lasisi. Na Najeriya wata shida kawai zai yi maka aiki daga ranar da ka zama mazauni, bayan nan sai ka ci jarrabawar rubutu da ta tuƙi ta nan, ta hannun makarantar koyon mota. Wanda ya fara daga tushe yana kashe sama da yuro 3,000, mai canza na waje ya fi samun sauƙi idan hannunsa ya faɗa. Saboda haka ka tabbata naka na gaske ne, yana cikin rajistar hukumar kiyaye haɗurra, kuma wa'adinsa ba zai ƙare ba kafin ka shigo. Ka taho da shi a jakar hannu tare da fasfo, kada ka sa a akwati.

Yayanka.