Baseball Savant: inda nake auna hannun dattawan masu jifa

Duk mai bin besbol ɗin Amurka ya san rigimar da ake yi da hunturu: ƙungiya na neman masu jifa biyar da za su riƙa buɗe mata wasa bi da bi, ga wani tsohon hannu a kasuwa, suna ya cika gari, shekaru sun doshi arba'in. A ɗauke shi ko a bar shi? Ni kam kafin in sa baki, sai na buɗe Baseball Savant.

Shafin intanet ne na MLB, hukumar babbar gasar besbol ta Amurka, kyauta kuma. Yana cin abinci daga Statcast, na'urorin da aka kafa a filayen ƙungiyoyi 30 tun 2015, aka ƙara musu kyamarorin Hawk-Eye a 2020. Kowace jifa an rubuta gudunta, juyin da ta yi a iska, da inda ta faɗa. Ka rubuta sunan ɗan wasa, sai ga sanduna a jere: ja na nufin ya fi tsaransa, shuɗi na nufin an bar shi a baya. Ko ba ka son lissafi, idonka zai gane.

Abin da ya ɗaure ni da shi shi ne jadawalin shekara-shekara. ERA, wato matsakaicin makin da ake ci a hannun mai jifa, tana iya rufa wa dattijo asiri idan masu tsaron bayansa na da kyau. Gudun ƙwallo kuwa ba ya rufa wa kowa. Duba shafin Clayton Kershaw, shahararren mai jifan da ya yi wa ƙungiyar Los Angeles Dodgers wasa: miƙaƙƙiyar jifarsa da ke kai mil 93 zuwa 94 a sa'a lokacin ƙuruciya ta sauko kusan 90, amma a ƙasa za ka ga yadda ya koma dogaro da jifarsa mai zamewa (slider), masu duka na ta kai sanda suna bugun iska. Shi ya sa ya gama 2023 da ERA 2.46. Danna kowace jifa, bidiyonta zai fito, ka ga ƙwallon ta taho kamar za ta shiga tsakiya, sai ta nutse dab da ƙafar mai duka. Wannan ɓangaren kaɗai ya isa a yaba wa shafin.

Sai dai a nan nake jan kunnen masu sabon shiga. Savant na auna jifa, ba ya auna kafaɗa. Kershaw ɗin nan, a wasan farko na zagayen neman kofi da ƙungiyar Arizona a watan Oktoban 2023, maki shida aka ɗura masa, mai duka ɗaya tak ya fitar, kuma wata na zagayowa aka yi masa tiyata a kafaɗa. Kaka ɗaya wasa 162 ce, mai buɗe wasa na fita kusan sau 32 in lafiya ta yarda. New York Mets sun zuba wa dattawan masu jifa Max Scherzer da Justin Verlander sama da dala miliyan 43 kowannensu a shekara, Verlander ma yana ɗauke da kyautar Cy Young ta gwanin masu jifa ta 2022 da ERA 1.75. Kafin kakar 2023 ta ƙare duk an musanya su, ƙungiyar ta tashi da nasara 75, rashin nasara 87. Babu jar sandar da ta hango wannan.

A waya jadawalan na matsewa, sun fi daɗin karatu a kwamfuta, kuma gajerun sunaye irin su xERA (ERA ɗin da ake hasashe) na buƙatar haƙuri da farko.

Yadda nake amfani da shi: dattijon da gudunsa ya ragu amma har yanzu ake bugun iska a jifarsa, ina so a ba shi gurbi na uku ko na huɗu, kwantiragin shekara ɗaya, a kuma tanadi matashi na shida a gefe. Wanda gudu da bugun iska duk suka koma shuɗi, ko da kofuna nawa ya zo, ban yarda a gina biyar ɗin a kansa ba.