Saitin kayan cire domat da handul na ƙofar mota: na gwada shi a Bitil 1971

Jama'a masu tsofaffin motoci, ga abinda na gani game da saitin nan da ake tallarsa ko'ina a intanet na cire kayan cikin ƙofa, wanda yake zuwa a 'yar jaka da robobi masu kama da cokali da wasu ƙarafa guda biyu. A taƙaice yana da amfani, amma ba duka abinda ke cikin jakar ne zai maka aiki a tsohuwar mota ba, kuma kafin ka saya gara ka fara sanin yadda aka ɗaure wainda ɗin gilas ɗin motarka, wato hannun da ake juyawa gilas ya hau ko ya sauka, domin a nan duk rigimar take.

Motata Volkswagen Bitil ce ƙirar Jamus ta 1971, wato ta girmi waɗanda aka fara haɗawa a Ojo ta Legas a 1975. Gilas ɗin gefen direba ne ya fara nauyi, sai ka sa ƙarfi kafin ya hau, ga handul ɗin buɗewa ta ciki yana lilo. Dole a cire domat, wato allon nan da ya rufe cikin ƙofa, kuma ni gaskiya bana son a kai ta gareji a ba yaro sukundireba ya dinga ɓanɓara, don na ga yadda ƙofofin mutane suke dawowa, fenti duk a kankare a gefe, kilif rabi sun ɓata sai a ɗaure da sukuru ta waje abin ba kyan gani.

Bari in fara da ƙarfen da aka fi yi wa talla, falle ne siriri mai baki a tsage, wai na cire wainda. Wannan a Bitil ɗina ko taɓa shi banyi ba. Dalili kuwa shi ne Bitil daga 1968 zuwa sama sukuru ne ke riƙe da wainda ɗinta, zaka ɗaga robar da ta lulluɓe hannun a hankali ka kauda ita gefe sai kaga sukuru mai kan sita a tsakiya, ka kwance shikenan hannun ya zaro. Waɗanda suka girmi 1968 kuma wani tsarin ne daban, ɗan fin ne aka soka a gicciye a bayan zoben da ke jikin domat, sai ka danna zoben ciki sannan ka tura fin ɗin da siririn ƙarfe ko ƙusa ya fita ta ɗaya gefen. Duka biyun ba ruwansu da wancan falle. Shi aikinsa na motocin da ake riƙe wainda da ɗan kilif na waya mai siffar C ne, irin su tsohuwar Toyota Corolla da Hilux da yawancin tsofaffin motocin Amurka. Babu takardar da ta faɗi haka a cikin jakar, hasali ma babu takarda kwata-kwata, to wanda bai sani ba zai yi ta cusa ƙarfe a bayan wainda yana neman kilif ɗin da babu shi har ya yaga fatar domat.

Don kar in zalunci ƙarfen na je na gwada shi a tsohuwar Corolla ta wani maƙwabcina. Nace masa Baba a bani aron ƙofa ɗaya, yace ɗauki amma in ka ɓatar min da kilif kai zaka je kasuwar Ƙofar Ruwa nemansa. Wallahi a nan kam ya burge ni. Ka zura shi tsakanin hannun da farar robar da ke bayansa, daidai layin hannun, ka tura sau ɗaya sai kaji ƙas. Abin lura kawai kilif ɗin tsalle yake, ka tare da ɗaya hannun ko ka shimfiɗa zani a ƙasa. Tsofaffin makanikai da tsumma suke yi, su zura shi bayan hannun su dinga ja dama da hagu har ya kamo bakin kilif ɗin, kuma yana yi, sai dai ƙarfen ya fi sauri nesa ba kusa ba. Wajen mayarwa kuma ba'a buƙatarsa, ka fara sa kilif a jikin hannun sannan ka danna shi a kan sandar ya kama da kansa.

Robobin kuwa, akwai mai kyau akwai tarkace. Mafi siririn cikinsu shi na yi amfani da shi na ɓalle 'yar robar da ke bayan handul ɗin buɗe ƙofa, wadda yatsu ke shiga, a ƙarƙashinta ne sukuru yake ɓoye wanda ya riƙe firam ɗin handul. Robar nan ta haura shekara hamsin tana shan rana, ta bushe, da ƙarfe aka taɓa ta inaga da ta tsage, amma wannan ya ɗago ta lafiya lau. Manyan kuma bakinsu yayi kauri baya shiga tsakanin domat da ƙarfen ƙofa, sai da na goga bakin ɗaya da samfefa kafin ya shiga, wani kuma laushi gare shi kana dannawa yana lanƙwashewa. Da gani don motocin yanzu aka yi su masu kilif na roba.

Wanda ya biya kuɗin saitin gaba ɗaya shi ne ƙarfe mai baki biyu mai mariƙi irin na sukundireba. Domat ɗin Bitil ba roba bane, allo ne irin na silin da aka lulluɓe da fata, kilif ɗinsa kuma na ƙarfe ne, kowanne an maƙala shi a rami a jikin allon sannan ya shige cikin wata 'yar roba a ramin ƙofa. In ka kama gefe ka fizga da hannu kilif baya sakin ƙofa, allon ne yake yagewa ya bar kilif a can, balle ta ƙasa inda ruwan damina ya jiƙa shi shekara da shekaru ya zama kamar biskit ɗin da aka tsoma a shayi. Da wannan ƙarfen kuwa zaka laluba har ka sa kilif ɗin a tsakiyar bakin nasa, sai ƙarfin ya tafi kan kilif ba kan allo ba. Ni ta ƙasa na fara, kusurwar da take nesa da hinji, na bi su ɗaya bayan ɗaya. Ƙorafina a kansa shi ne tsirara yake, ba abinda aka lulluɓe bayansa da shi, zai iya cin fenti, sai na naɗa masa salatif kuma na dinga sa siririyar robar a ƙarƙashinsa yana hawa kanta. Haka ya kamata ace sun yi tun daga kamfani.

Akwai abubuwan da saitin ba zai gaya maka ba. A tawa bayan kilif sun saki duka domat bai faɗo ba, saboda matashin ɗora hannu da ke jikin domat yana rataye ne a wani ƙarfe a jikin ƙofa, sai ka ɗaga allon sama tukuna ya fita. Akwai sifirin a sandar wainda ta bayan allo, ka duba yadda yake zaune kafin ka cire. Sannan kafin ka kwance wainda ka rufe gilas ƙarshe ka ɗau hoto da waya kaga inda hannun ya kalla, in ba haka ba ka mayar ya dinga bugun gwiwarka kana tuƙi. Ledar da ke manne a bayan domat kuma don Allah kar a yar da ita, mutane da yawa suna zaton tarkace ce, alhali ita ke hana ruwan da ya bi gilas ya taɓa allon. Tawa ta riga ta ruɓe, na yanka sabuwa mai kauri na manna. Tunda ƙofa a buɗe take na zuƙe ƙura da yashin da suka taru a ƙasa na buɗe ramukan fitar ruwa da suka toshe, na sa giris a haƙoran injin gilas, yanzu da yatsa biyu yake hawa.

Handul ɗin da yake lilo ashe sukurun da suka riƙe shi a jikin ƙofa ne suka saki, ɗaurewa kawai nayi.

To in tambaya ita ce a saya ko kar a saya, mai Corolla ko Hilux ta da ya saya kai tsaye, duka ƙarafan biyu zasu masa aiki. Mai Bitil irina kuma in zai samu ƙarfe mai baki biyun shi kaɗai da siririyar roba ɗaya sun ishe shi, ragowar kuɗin ya nemi sabbin robobin ramin kilif, don nawa da yawa sun farfashe wajen cirewa kuma basa cikin saitin, nemansu ma sai da ya fi aikin kansa bani wahala.