Ƙarfe, katako ko ɗan kanti: wane ƙyaure ya dace da ƙofarka?

Kafin ka tambayi kuɗin ƙyaure, tsaya a bakin ƙofar ka ga ina ta fuskanta. A Damagaram hadari daga gabas yake tasowa, ƙura a gaba ruwa a baya, rana kuwa bangon yamma take gasawa daga azahar har la'asar sakaliya. Wannan shi zai yi maka rabin zaɓin.

Ƙofar waje ta ƙarfe ce, babu gardama. Gara ba ta cin sa, ɓarawo kuma sai ya yi gumi. Aibinsa zafi. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ƙyauren ƙarfe mai kallon yamma ko taɓa shi ba ka yi, ɗakin kuma ya koma tanda har bayan isha'i. Idan babu makawa, yi masa rumfa. Wajen mai walda kada adon fure ya ɗauke maka hankali. Ƙwanƙwasa farantin da ɗan yatsa: in ya yi ƙara kamar gwangwanin madara, siriri ne. Na taɓa biyan kuɗin mai kauri aka kawo mini wanda ɗan akuya ya lotsa da karo ɗaya. Ka kuma tabbata an shafa jan fentin hana tsatsa kafin na ado, musamman gindin, inda ruwa ke kwanciya.

Ƙyauren ƙarfe mai tsaga-tsaga yana shigo da iska da bazara, amma da hunturu kullum uwargida na cikin shara.

Katako na ɗakunan ciki ne. Ya fi sanyi, ya fi kyan gani, duk wanda ya ga tsofaffin ƙyamaren zaurukan Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, ya san haka. Sai dai ɗanyen katako yana kumbura da damina ya ƙi rufuwa, rani ya zo ya tsage. Tambayi kafinta ko ya bushe sosai, a sa maganin gara, kada kuma gindinsa ya taɓa ƙasa.

Ƙyamare ƴan kanti da ake shigowa da su ta Kano suna da sheƙi, amma da yawansu holoƙo ne a ciki, kuma da awonsu suke zuwa. Sayi ƙyauren tukuna, sannan magini ya bar masa gurbi daidai, in ba haka ba sai an fasa bango. Banɗaki kuwa alminiyom ya ishe shi.